Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Ajin Koyon Maganar Hannu, Damagaram

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Minista, babban baƙonmu na yau. Mai girma Gwamnan jihar Damagaram. Wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamanin sarki. Limamai da malamai, masu unguwanni, iyayenmu maza da mata. Sai kuma ƴan'uwanmu kurame, waɗanda dominsu aka shimfiɗa tabarmin nan: assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. Wanda ya taso daga Yamai, ya ratsa Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Konni, ya wuce Maraɗi da Tasawa, ya ci kusan kilomita 900 kafin ya hango duwatsun Birni, ba a tambayar sa ko ya gaji. Ka sauka lafiya a gidan baƙi. Har zuwa 1926 nan ne fadar mulkin ƙasar nan, saboda haka mutanen Damagaram sun daɗe da sanin yadda ake tarbar manya.

Lokacin da ka shigo ka ga rabin zauren ya ɗaga hannuwa sama yana kaɗawa, ba ka ji ƙarar tafi ba. Tafinsu ke nan, kuma naka ne. Za ka kuma ga ina jan magana ina dakatawa. Tafinta ce nake jira, wannan baiwar Allah da ke tsaye a damana, domin duk abin da na faɗa sai ya bi ta hannunta kafin ya isa ga masu taron. Ina roƙon masu ɗaukar hoto su bar gittawa ta gabanta.

Mai girma Minista, kurumta a garin nan ba baƙuwa ba ce, kuma mun san ƙofar da ta fi shigowa. Muna zaune cikin yankin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Kowace shekara, daga ƙurar hunturu zuwa zafin bazara, iyaye ba su samun kwanciyar hankali sai ruwan farko ya sauka. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya lagon nau'in cutar da ya fi yi mana ɓarna a da, amma akwai sauran nau'o'i, kuma daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 mun ga yadda ta sake tasowa a jihar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tashi daga wannan ciwo, ɗaya yakan fita da tabon da ba ya gogewa, kuma rashin ji yana cikin waɗanda suka fi yawa. Ga ƙyanda, ga hangum, ga ciwon kunne mai zubar da ruwa da ake bari ya daɗe ana ɗiga masa abin da aka ga dama, ga wasu allurai masu ƙarfi da ake yi wa yara ba da umarnin likita ba. Hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara abu ne da ake iya karewa. Wannan aikin ma'aikatan lafiya ne, muna yi musu addu'a. Namu aikin yana farawa ranar da zazzaɓi ya sauka, uwa ta kira ɗanta daga bakin murhu, bai waiwayo ba.

Daga ranar, a gidaje da yawa, hira takan ƙare tsakanin yaro da danginsa. Ana ciyar da shi, ana tufatar da shi, ana son sa, amma abin da ke tsakani bai wuce nuni uku ko huɗu ba: zo, tafi, ci, bari. Mafi yawan yara kurame, fiye da 9 cikin 10, iyayensu masu ji ne, ba su taɓa zaton za su buƙaci wani harshe ba. Shekarun farko kuwa su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ke kama harshe, kowane iri ne, na baki ko na hannu. In suka wuce babu ko ɗaya, kamowa tana wuya. Sai ka ji ana cewa yaron ba shi da basira, alhali basirarsa lafiya lau take, hanya ce aka toshe mata. Abin da ya sa muka buɗe wannan aji ke nan, kuma shi ya sa ɗalibansa masu ji ne. Kurame sun riga sun iya harshensu. Mu ne muka makara.

Ka duba waɗanda ke zaune a layin gaba, ranka ya daɗe. Akwai uwaye da kakanni, akwai ungozoma, akwai mai sayar da magani, akwai tela da ya ɗauki almajiri kurma, akwai ƴan kabu-kabu, akwai wani dattijo mai rumfa a kasuwar Dole da ya ce ya gaji da yin ciniki da ƙasa, yana zana kuɗi da tsinke. Malamansu kuwa kurame ne. Mun yi haka da gangan, ko da yake wasu sun yi ta mamaki da farko, suna tambayar yadda za a yi darasi ba a ji muryar malami ba. Cikin ɗan lokaci suka gane cewa rashin muryar ne ke tilasta wa ido ya buɗe.

Abin da ake fara koya ba alama ba ce, ladabi ne. Yadda ake jan hankalin kurma: a taɓa kafaɗarsa a hankali, ko a kaɗa hannu inda zai gani. Ba a jifan sa da tsakuwa, ba a fizgar rigarsa, abubuwan da yaran unguwa suka mayar wasa. A tsaya inda haske ke bugun fuska, kada a ba wa taga baya. A dube shi ido da ido, kuma nan ne al'adarmu ke ɗan yi mana tarnaƙi, domin an tarbiyyantar da mu mu sunkuyar da kai gaban babba, a wurinsu kuwa kau da ido tamkar juya baya ne ana tsakar magana. Ɗaga murya ba ya ƙara komai. Karanta leɓe ma ba abin dogaro ba ne, sautuka da yawa kamarsu ɗaya a baki. Bayan wannan sai gaisuwa, da dangi, da lokaci, da abinci, da sassan jiki da wuraren ciwo, da haruffan yatsu don rubuta suna. Ƙidaya tana ba mu aiki fiye da yadda aka zata, saboda a kasuwa muna lissafi da dala, wato faran biyar, a takarda kuma ana rubuta faran, sai mai saye da mai sayarwa su nuna ashirin ɗaya, kowa da abin da yake nufi. Fuska kuma tana da nata aikin. Hannu zai yi alama iri ɗaya, gira ce za ta nuna ko labari ake bayarwa ko tambaya ake yi. Wanda ya ɗaure fuska yana motsa hannu, rabin maganarsa ta zube a hanya.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu, wai maganar hannu iri ɗaya ce a duk duniya. Ƙungiyar Kurame ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Rum a 1951, ta ce kurame sun haura miliyan 70, harsunan hannu kuma sun fi 300. Ingila da Amurka duk Turanci suke yi, amma kurman Landan da na Washinton ba su jin juna kai tsaye. A nan gida ma iri biyu muke da su. Akwai na lakwal, wato makarantar boko, wanda asalinsa ke komawa ga wani baƙar fatar Amurka, Andrew Foster. Sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana ɗan shekara 11, ciwon nan namu dai. Ya yi karatu a Gallaudet, jami'ar kurame da ke Washinton, ya zo Afirka a 1957, ya fara buɗe makaranta a Gana, sannan Ibadan, ya horar da malamai daga ƙasashe masu amfani da Faransanci, bai daina ba har ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Ta wannan hanya alamun Amurka suka gauraya da rubutun Faransanci, suka zama harshen makarantun kurame a yankinmu.

Na biyu shi ne na gida, wanda kurame Hausawa suka gada tun kafin lakwal, wanda ake yi a bakin kasuwa da zauren unguwa da ƙauyukan Mirya da Magarya da Matamai. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta nazarci irin nasu, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000, ta nuna harshe ne mai tsari da ƙa'ida. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: ɗan lakwal ba shi da dalilin raina alamar dattijon da bai shiga aji ba. Ma'aikacin da zai karɓi jama'a, mafi yawan waɗanda za su zo gabansa daga karkara na gidan suka iya. Saboda haka a ajin nan ana nuna duka biyun, a ce wannan ta makaranta ce, wannan ta gari ce. Turai ta taɓa gwada hana yara amfani da hannu, bayan taron malaman kurame na Milan a 1880, aka tilasta musu koyon magana da baki kaɗai, aka yi asarar ƙarni kusan guda kafin a dawo hanya. Ba mu da ƙarnin da za mu zubar.

Malamanmu na addini da ke zaune sun fi ni sanin cewa wannan ba bidi'a ba ce. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Zakariyya, wanda aka ba shi alamar ba zai yi wa mutane magana kwana uku ba sai da ishara, da Nana Maryamu da ta yi nuni ga jaririnta lokacin da mutanenta suka tsare ta da tambaya. Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa isharar wanda ba ya magana, in ana fahimtar ta, tana tsayawa a matsayin furuci wajen ciniki da aure. Sharaɗin shi ne a fahimta. To, wa zai fahimta in ba wanda ya koya? Akwai kuramen da suka tsufa suna halartar Juma'a ba su taɓa sanin abin da liman ya faɗa a huɗuba ba.

Mai girma Minista, baƙo ba a tare shi da kuka tun daga ƙofa, amma kai baƙo ne mai iko, in muka bari ka koma ba mu faɗa ba mun ci amanar waɗanda suka tura mu. Wata baiwar Allah daga cikinmu ta je awon ciki a wata likita da ba zan ambata ba. Babu wanda ya iya yi mata bayani, sai aka kira ɗanta ɗan shekara goma ya tsaya tsakaninta da ungozoma yana fassara abin da bai kamata ya ji ba. Wani kuma aka ba shi magani, aka ɗaga masa yatsu uku, bai san ko ƙwaya uku ake nufi ba, ko sau uku, ko kwana uku. Ba mugunta ta jawo ba, ma'aikatan ma ransu ya ɓaci. Ba a koya musu ba ne kawai.

Buƙatarmu ta farko ita ce duk inda hukuma ke karɓar jama'a, ɗakin haihuwa da wurin ba da magani, ofishin ƴan sanda da na jandarma, wurin yin takardar haihuwa, a samu aƙalla mutum guda da ya iya alamun farko. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa darasin cikin horon malaman makaranta da ma'aikatan jinya tun suna ɗalibai. Kuma in za a yi, a ɗauki kurame su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami, kada a sallame su da godiya da kuɗin mota.

Amma ina gargaɗin kaina da ɗalibanmu a gabanka: wanda ya iya gaisuwa da tambayar inda ke ciwo bai zama tafinta ba. Gaban alƙali, ko lokacin da likita zai nemi yardar mutum kafin a yi masa aiki, ƙaramin sani yana iya kai mutum gidan kaso ko kushewa. Wurin nan na ƙwararru ne, kuma waɗanda muke da su a jihar nan sun yi kaɗan ƙwarai, ana jan su daga suna zuwa shari'a, sau da yawa a kyauta. Muna roƙon a horar da wasu, a ba su matsayi cikin aikin gwamnati. Ba sabon alkawari muke nema ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 2008, kuma yarjejeniyar ta ambaci harshen hannu da tafintoci da sunansu. A 2025 ƙasarmu ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, mun yi murna, domin mun san daɗin a yi wa mutum magana da harshen da yake ji. Ƴan'uwanmu ma abin da suke nema ke nan. Ranar 23 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar harsunan hannu ta duniya, ana yin ta tun 2018. Muna fatan ta bana ta same mu da wani abu a hannu da za mu nuna.

Yanzu, da izininka, ɗalibai za su fito biyu-biyu su nuna abin da suka koya: ungozoma da mai ciki, mai rumfa da mai saye, kaka da jikanta. Bayan su shugaban malaman zai yi nasa jawabi da hannunsa, tafinta ta mayar mana da baki. Sun kuma gaya mini sun shirya maka suna na alama, kamar yadda suke yi wa duk wanda suka karɓa cikinsu. Ba a zaɓa wa kai, su suke bayarwa, ni ma ba su nuna mini ba, sai dai ka yi haƙuri da abin da idonsu ya gano.

Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai da tawagarka Yamai lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.