Sharhi: Daga Garkar Albasa Zuwa Kujerar Majalisa

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. A kasuwannin albasa na Galmi da Madawa da Ƙonni ba a rasa jin mai cewa, "Da namu ne ke majalisa, da ba mu ga wannan wulaƙanci ba." To, an sha tura namun. Sharhinmu na yau yana duba abin da ke samun manomi in ya shiga, tunda yanzu fagen a share yake: an rushe Majalisar Dokokin Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi suka bi baya a 2024, jam'iyyu kuma a 2025.

Ba kowane manomi jam'iyya ke nema ba. Mai manyan garake take so, wanda ke da injinan ban ruwa, yake ba ƙananan manoma bashin iri da taki, yake loda motoci zuwa Gana da Kwaddibuwa. Yawanci yakan faro ne daga shugabancin ƙungiyar manoma, ya zama konseye a garinsu, kafin a sa sunansa cikin liste. Jam'iyya na kwaɗayin ƙuri'un ƙauyukansa da kuɗin kamfe. Ba saninsa na noma ya dame ta ba.

Shingen farko takarda ce. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya ce kashi 75 cikin ɗari na ƴan takarar kowace liste sai masu BEPC, wato takardar kammala ƙaramar sakandare, ko makamancinta, waɗanda ba su da ita ba za su wuce kashi 25 ba. A wannan ɗan gurbi manomin da bai yi lakkol ba ke kokawa da manyan ƴan kasuwa. Ga shi a wancan tsarin yawanci jiha ɗungum ita ce mazaɓa, kuma jam'iyya ake jefa wa ƙuri'a. Mutum na iya cinye duk runfunan zaɓen garinsu ya tashi ba kujera.

In Allah ya ba shi, sai matsalar da ba mai faɗa masa lokacin kamfe. A wancan tsarin majalisa kan yi zama biyu a shekara. Zaman kasafin kuɗi yana faɗowa wajen Oktoba, daidai lokacin da ake zuba irin albasa, a yi renonsa kwana 40 zuwa 45 kafin dashe. Zaman dokoki kuma yana kamawa wajen Maris da Afrilu, lokacin cira. Maigida na Yamai, garka na hannun ƙane ko yaron gida. Albasa kuwa ba ta yafe sakaci. In aka cika mata takin ure za ta yi ƙaton kai mai ruwa, ba ta jure ajiya. In ba a yanke ban ruwa kamar mako biyu kafin cira ba, ko aka yanke ganye wuya bai bushe ba, sai ruɓa ta shiga rudu, wato rumbun ajiyar albasa. Mai shiga rudun bayan wata biyu, wari ne zai fara gaya masa asararsa kafin ya ɗaga ko ɗaya. Ribar albasa kuwa a ajiya take, domin lokacin cira farashi a ƙasa yake, dillali na neman buhu mai hula, a tula masa har ya yi tozo a ɗinke, kuɗin buhu ɗaya.

A gida aljihu ya huje, a Yamai ƙofar gidansa cike da masu takardar magani da masu suna da biki. Da wannan ake auna ɗan majalisa a wurinmu, laifin kuma ba nasa ne shi kaɗai ba.

Aikin gaske a kwamiti ake yinsa, ba a babban zaure inda talabijin ke ɗauka ba. Can ake tsefe kasafin ma'aikatar noma layi-layi, takardun kuma da Faransanci. Manomin da ba shi da amintaccen mai karanta masa sai ya zama ɗan ɗaga hannu. A wancan tsarin akwai kuma ƙa'idar da ke karya alkawuran kamfe: ɗan majalisa ba ya kawo gyaran da zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi sai ya nuna inda za a samo madadinsu. Saboda haka mai cewa "zan gina muku madatsar ruwa" ko bai san aikin ba, ko yana raina hankalin jama'a.

Abin da ke hannunsa ba kaɗan ba ne, in ya san shi. Yana iya kiran minista ya yi bayanin dalilin da taki ke isowa bayan lokacin zuba shi ya wuce. Yana iya matsa wa ONAHA, hukumar kula da filayen noman rani, kan yashe magudanan ruwan fadamar Ƙonni. Yana iya bin kadin kwamitocin filaye, wato COFO, da suka samo tushe daga dokar karkara ta 1993, a ba su abin aiki su shata burtali tun kafin kaka, kada a jira sai an zubar da jini tsakanin manomi da makiyayi. A irin waɗannan ya fi mai digiri, domin shi ya san ranar da taki ke daina amfani.

Duk ranar da aka sake buga gangar zaɓe, in ɗan takara ya zo garinku da buhun shinkafa, ku tambaye shi kwamitin da zai shiga, da wanda zai karanta masa takardu, da wanda zai riƙe masa garka. Mu kwana nan.