A Sauke Yaro Ƙasa: Lacca Ga Masu Goyo

Toh abu uku zan faɗa, amma bari in fara da tabarma. Ku sauke yaran nan ƙasa! Jariri tun yana ɗan sati biyu uku, idan idonsa biyu kuma kina wajen, ki kwantar da shi rub da ciki, zai yi ta kokawar ɗaga kai yana ƙorafi, wannan kokawar ce ke sa wuya ya tsaya, kafaɗa ta yi ƙwari, daga nan sai birgima, sai zama, sai rarrafe. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce minti 30 a yini, ba a zama ɗaya ba, kaɗan-kaɗan. Barci kuwa a rigingine, kar a je gida a ce Malama ta ce a kifa yaro ya yi barci.

Amma mu yanzu sai keken nan mai taya da ake zura yaro ciki, wai ya yi saurin tafiya. Ba ya sa tafiya wallahi, ɗage yake koya masa, ba ya ma ganin ƙafarsa, sai ki ga ya nufi murhu a guje. Kanada tun 2004 ta hana sayar da shi. Ku sauke su ƙasa, na sake faɗa. Hajiya can baya tana dariya, da alama akwai shi a gida.

Na biyu... ko na uku ne? Kayan wasa: kwano da murfi da ludayi sun isa, ya sa ƙarami cikin babba, ya zubar, ya sake, a nan yake gane ciki da waje, kusa da nesa. Kuma a daina gasa da ɗan maƙwabta, wani bincike da aka yi a 2006 har da yaran ƙasar Gana ya nuna lafiyayyen yaro na iya fara tafiya daga wata 8 har kusan 18.

Na'am Hajiya? Wai goyo ne ke kawo ƙafar baka? A'a, goyo ma yana yi wa ƙugu kyau. Yawanci da ɗan lanƙwasar ake haihuwarsu, tana miƙewa wajen shekara 2. In ta wuce haka ko tana ƙaruwa, a kai asibiti, a Jos an gano ƙarancin kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, a abinci ne ke lanƙwasa ƙashin yara da yawa. Don samun kalsiyam: madara, ƙananan kifi a daka har ƙaya a sa a kunu. Akwai wata tambayar?