Golf ga wanda ba sana'arsa ba ce

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu, 'yan uwa, ina fata na baya can suna jina.

An ce in yi magana kan golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Tun da wuri in faɗa muku, ni ba gwani ba ne. Sai da na yi ritaya na fara riƙe sanda, kuma har gobe ƙwallona ta fi sabawa da ciyawa da rairayi a kan rami.

Asalin wasan daga Sikotlan ne. A 1457 Sarki James na biyu ya hana shi, don mazaje sun bar koyon harbin baka sun koma bugun ƙwallo. Kun ga ashe ba yau golf ya fara ɗauke hankalin magidanta ba. Ramuka 18 ɗin da ake bi ana jefa ƙwallo a ciki kuwa daga filin St Andrews na can Sikotlan aka gaje su, inda a 1764 aka rage su daga 22. Mu nan Turawa suka bar mana filaye a Kano da Kaduna da Rayfield ta Jos, kuma saboda ƙarancin ruwa wasu wuraren yashi aka riƙa cakuɗawa da mai a kewayen rami, maimakon lallausar ciyawa.

To, abin da ya riƙe ni a wasan nan shi ne handikaf, wato rangwame. Ku saurara, nan ne daɗin yake. A golf, wanda ya gama ramukan da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Yawancin filaye an ƙayyade gwani zai gama su da bugu 72. A ce ni na saba gamawa da 96, rangwamena wajen 24 ke nan. Abokina ya saba 80, nasa 8. Yau na yi 94, aka cire 24, saura 70. Shi ya yi 79, aka cire 8, saura 71. Wa ya ci? Ni, Alhaji! Ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, amma ni na fi jiyana da bugu biyu, shi da ɗaya. A wane wasa ne tsoho mai ciwon gwiwa zai kara da ɗan shekara talatin kuma a yi ta da gaske? A dambe dai ba za a gwada ba.

Sai dai lissafin nan kaf a kan amana yake tafiya. Ba alƙalin wasa a bayanka. Ƙwallo ta shige cikin ciyawa, ba mai ganinka sai Allah, ƙafarka na ƙaiƙayin ta ɗan turo ta fili. Akwai wani lauya Ba'amurke, Bobby Jones, wanda bai taɓa mai da golf sana'a ba. A gasar US Open ta 1925 ƙwallonsa ta ɗan motsa lokacin da yake shirin bugu, shi ya kai ƙarar kansa, aka ƙara masa bugu ɗaya. Aka tashi kunnen doki, ya sha kaye a wasan raba gardama. A 1930 kuma ya kwashe manyan kofuna huɗu cikin shekara guda, ya ajiye gasa yana ɗan shekara 28. Ni kam nakan tuna shi duk sanda ƙafar nan tawa ta fara ƙaiƙayi, ba kullum nake jin daɗin tunawar ba.

Na ga wani yana nuna aljihu. Gaskiya ne, akwai tsada. Amma doka cewa ta yi kada sanduna su wuce 14, ba ta ce sai sun cika ba. Da biyar ko shida na hannu za ka fara. Ka taka da ƙafa, awa huɗu cikin sanyin safiya, ka kuma girmama yaron da ke ɗaukar maka jaka, don sau da yawa ya fi ka sanin inda ƙasa ta karkata.

Shugaba na duban agogo. Malam na can gefen taga, tun ɗazu hannunka ke sama, bismillah.