Hasumiyar Kudus ba ɗakin gunki ba ce

Jama'a masu saurare, hoton wata hasumiya ya yi ta yawo a Facebook, sai ga wasu na rantsuwa wai ɗakin gunki ne aka laƙaba wa sunan masallaci. Haba jama'a! Ko sunan garin ba su tsaya sun tambaya ba.

Garin Kudus ne, a tsibirin Jaba na Indonesiya, kuma daga Alƙudus aka samo sunan. Shi kansa masallacin Al-Aƙsa ake ce masa. Rubutun da ke saman mihirabinsa ya nuna shekarar 956 ta Hijira, wato 1549. Wanda ya kafa shi malami ne, Ja'afar Sadiƙ, da ake kira Sunan Kudus, ɗaya daga cikin waliyyai tara da suka yaɗa Musulunci a Jaba.

Gaskiya ne, hasumiyar ta jan bulo ce, tsawonta wajen mita 18, fasalinta kuma irin na gine-ginen Hindu na zamanin daular Majapahit. Ƙofar harabar kamar an tsaga gini gida biyu an bar hanya a tsakiya. An lilliƙa farantan tangaran a bango. Can sama, ƙarƙashin rufin katako, ga ƙatuwar ganga da ake kaɗawa in lokacin salla ya yi. To sai me? Maginan garin ginin da suka gada ke nan, shi hannunsu ya iya. So ake su zauna jiran magina daga Makka kafin su yi jam'i?

Wai masallaci sai da ƙubba. Ƙubbar da ake gani a can yau sai a ƙarni na 20 aka ƙara ta. Ɗaruruwan shekaru ana sahu babu ita, wa ya isa ya ce sallarsu ba ta yi ba? Bulo ba ya da addini. Alƙibla ake dubawa, da wanda ake yi wa sujada.

Malamin nan ya san mutanen da yake kira. Ana ba da labarin ya hana almajiransa yanka saniya don kada a ɓata wa maƙwabta 'yan Hindu rai, tunda suna girmama ta. Bai ce haramun ce ba, ya dai ce a bar ta. Har yau in ka sayi romo a Kudus, naman ɓaunar gida za ka fi tararwa a kwanon a kan na saniya, da ɓaunar kuma mutane da yawa suke layya.