Sun ɗage mini aikin fata, na zo Damagaram neman jini

Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar turmin nan, Gwaggo ce ke dakan fura a bayana, ta ce ba za ta aje taɓarya saboda wata kamara ba. Yau kwanana 9 a Damagaram, ina gidanmu na Birni. Bari in juya waya ku ga duwatsunmu, ku da ke Liyon ta Faransa kuna fama da sanyi.

Masu bina tun farko sun san shekara biyu ke nan da aka yi mini aikin rage tumbi, aka cire wajen kashi uku cikin huɗu. Daga kilo 128 na dawo 79. Kitse ya tafi, amma fa ya bar mini buhunsa. Fatar cikina ta zubo har ta rufe mara, kuma a zafin nan namu ƙarƙashinta ba ya rabuwa da ƙuraje da ɗoyi, kullum sai na wanke, na tsane, na sa tsumma mai tsabta. A Faransa in fatar ta kai nan, asusun lafiya na biyan aikin yanke ta, bayan lokotoronsu ya gani ya sa hannu. An sa hannu, har an ba ni rana.

Sai aka aike ni gwajin jini. Lokotoro ya daɗe yana kallon takardar, ya ɗago ya ce ba yanzu ba. Jinina 10.4, alhali mace in ta gaza 12 ana lissafa ta cikin masu ƙarancin jini. Ajiyar sinadarin ƙarfe a jikina ta kusa ƙarewa, bitamin B12 ma ya yi ƙasa. Wallahi na yi kuka cikin jirgin ƙasa har gida, don ni a ganina tun da na rame ai na gama aikina.

Da hankalina ya kwanta na gane gaskiyarsa. Yankan nan daga ƙugu ne zuwa ƙugu, ana zubar da jini ba kaɗan ba, wadda ta shiga da 10 da nawa za ta fito? Sannan jiki da furotin, wato sinadarin gina jiki, yake ɗinke rauni. Tela komai gwanintarsa, in zaren ruɓaɓɓe ne ɗinki sai ya warware. Masu irin aikina ga mu nan ƙoshe a ido, amma ƙaramin tumbi ba ya ɗaukar abinci da yawa, kuma ba ya taimaka wa jiki tsotsar ƙarfe da B12 kamar da. Sharaɗi guda na ci: sun ce sai nauyi ya tsaya wuri ɗaya aƙalla wata shida, nawa ya fi haka.

To, ga rigimar gida. Ranar da na sauka Inna ta kama hannuna tana latsawa, ta ce, "Ke 'yar nan, Turawa ba su ba ki abinci ne?" Tun ranar ake cika mini akushi da tuwo. Ni ko loma huɗu, biyar, tumbi ya rufe ƙofa. In na soma da tuwo, nama ba shi da wuri. Dole na ce, Inna ki yi mini afuwa, naman miyar zan fara tsincewa. Kun san a gidanmu yaron da ya fara kai hannu kan nama, ludayi yake sha a ka. Yanzu ga ni da furfura ɗaya-ɗaya ina yi a gabanta, tana kallona tana girgiza kai.

Mai kula da abincina ta ce in nemi giram 80 na furotin a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, ku lissafa, 13 ke nan, wa zai iya? Shi ya sa nake rarrabawa: ƙwai biyu da safe, hantsi kindirmo ba sukari, azahar wake, la'asar kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli na matsa lemun tsami, dare ɗan kilishi ina tauna a hankali. Hanta sau ɗaya a mako.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shayi. Ƙannena na dafa shi a zaure bayan kowane abinci, na fari, na biyu, na uku, ƙamshi na shigowa har ɗaki. Shayi kan abinci yana hana jiki ɗaukar ƙarfe, haka nono. Ƙwayar ƙarfen da ruwan lemu nake haɗiye ta, sai an yi awa biyu in waiwayi butar.

Gwaggo kuma ta haɗo mini saiwoyi da zoɓo, wai ja ne, zai ƙara jini. Zoɓon na sha. Saiwoyin na ce a aje tukuna, don duk abin da na sha sai na faɗa wa lokotoron da ke sa barci lokacin aiki, har asfirin, wanda ke tsinka jini. Ku kuma masu shisha, aƙalla mako huɗu kafin aiki sai an bari, don nikotin na matse jijiyoyin da ke kai wa fata jini, bakin rauni ya mutu.

Jiya da dare Inna ta ce, "In Allah Ya sake ba ki rabo fa, cikin da aka ɗinke?" Tambayar da lokotoro ya yi mini ke nan, don ciki na iya buɗe abin da aka tsuke. Ban ba shi amsa ba, ita ma ban ba ta ba.

Bari in sa lulluɓi, ƙanena na jira da babur, za mu kasuwar Dole sayen wake.