Tsohuwar 504 Ta Tashi, Amma Za Ta Tsaya? Yadda Za Ka Gyara Birkinta Da Kanka

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Motar da kuke gani ɗin nan Peugeot 504 ce, irin wadda ta daɗe a ajiye a gindin bishiya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Duk wanda ya sayi irinta don ya farfaɗo da ita, ɗokinsa ɗaya ne, ya ji inji ya tashi. Ya sa batir, ya wanke kafireta, ya canza fulogi, da ta ɗauka sai murna, har ya fara tunanin kalar fentin da zai yi mata. Birki kuwa, sau ɗaya zai taka a tsaye, ya ji feda da ɗan tauri, ya ce lafiya lau. To yau birkin nan za mu buɗe, ƙafa bayan ƙafa, domin a motar da ta shekara ba ta motsa ba, zaman da ta yi shi ke cinye birki, ko da ba wanda ya taka shi.

Sa'ar da muka yi ita ce 504 ba baƙuwa ba ce a nan. A Faransa ta fara fitowa a 1968, Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Shi ya sa har gobe in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba ka rasa kayanta. Sai dai ka leƙa ƙarƙashin taka kafin ka tafi kasuwa, don ba duka suke iri ɗaya ba. Wasu salun ɗin birkin faifai ne a ƙafafu huɗu, wasu kuma, musamman wagon da fikof, faifai ne a gaba, duram a baya. Ka cire tsohon abin ka tafi da shi a hannu, a gwada a gabanka.

Buɗe bonet. Ga masta nan a gefen direba, da ɗan tankin man birki a kansa. Idan ka taka feda, masta ke tura mai cikin bututu zuwa kowace ƙafa, man ya tura fistin, fistin ya matse fad, wato takalmin birki, a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. Dukkan aikin ya dogara ne a kan cewa mai ba ya matsuwa. Iska kuwa tana matsuwa, tururi ma haka. Ka riƙe wannan, don kusan duk abin da za mu yi yau a kansa yake.

Kalli man da ke cikin tankin nan. Sabo garai yake, da ɗan ruwan ɗorawa. Wannan ya koma baƙi, har da laka a ƙasa. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, ko motar na tafiya ko tana kwance, damina bayan damina. Sabon man birki mai lambar DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma da zarar ya sha ruwa, DOT 3 na iya tafasa a wajen 140, DOT 4 a wajen 155. A cikin gari ba za ka gane ba. Ranar da ka ɗauko kaya kana gangarowa daga Jos ta Hawan Kibo, ƙafarka a kan birki tun daga sama, ranar man zai tafasa ya zama tururi, feda ta tafi har ƙasa, mota ba ta ji ba. Ruwan nan kuma shi ke zama a cikin masta da kalifa, wato gidan da fistin da fad suke ciki, yana cin ƙarfe ta ciki. Shi ya sa ake canza man birki duk shekara biyu, ba ƙari ake yi a kan tsoho ba.

Ka sayi DOT 3 ko DOT 4 a gwangwani rufaffe, ba wanda aka ɗura a gorar ruwa a bakin titi ba. Kada ka haɗa da DOT 5, shi na siliko ne, ba sa gauraya. Baƙin mai ko man giya kuwa, ko ɗigo kada ya shiga, don kumbura robobin ciki yake yi, sai ka canza su duka. Masu zuba ruwan omo don su ƙarasa gida, Allah ya kyauta. Kuma in man ya zuba a bodi ka wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Yanzu ɗaga mota. A kan siminti ko ƙasa mai tauri, wuri shimfiɗaɗɗe. Sa waigi gaba da bayan tayar da ke ƙasa, sassauta notin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Ka tokare motar da ƙarfen tokare ko guntun katako mai kauri, kada ka yarda da bulo, fashewa yake yi ba sallama. Tayar da ka cire ma ka tura ta ƙarƙashin mota.

Wani abu da ya kamata ka yi tun daren jiya: ka fesa man sassauta tsatsa a kan ƙananan notin fitar da iska, waɗanda makanikai ke cewa nifil, da duk mahaɗar bututu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nifil ɗin nan rami ne a cikinsa, in ya yi tsatsa ka murɗa da ƙarfi karyewa zai yi, aikin awa ɗaya ya koma neman kalifa a kasuwa. Sa masa sifana mai zobe da ta yi masa daidai, ɗan ƙwanƙwasa, matsa kaɗan, sassauta kaɗan, har ya saki. Fulaya ba ta da aiki a nan.

Ga ƙafar gaba. Cire kusoshin da ke riƙe fad, zaro su. Wannan ƙurar kada ka hura ta da baki ko da famfon iska, tsofaffin fad da laini (takalmin birkin duram) da yawa akwai asbestos a cikinsu, yana illa ga huhu. Jiƙa tsumma ka goge. Idan naman fad ya rage milimita 3 ko ƙasa, ya gama aiki. Amma ka dubi yadda ya ci. Kun ga na ciki ya kusa kai ƙarfe, na waje kuwa da sauransa sosai? Wannan ba laifin fad ba ne, kalifa ce ta maƙale. Ka sa sabo a haka, shi ma haka zai ci. Ɗaga robar ƙurar da ke bakin fistin. In ta yage, ko ka ga mai ya jiƙa wurin, a kwance kalifa, a fito da fistin. Ɗan datti ana gogewa. In tsatsa ta yi masa ramuka, sai sabo, don zai yanke duk robar da ka sa. Da man birki kawai ake shafa robar ciki wajen mayarwa.

Lokacin da kake mayar da fistin ciki don sabon fad ya samu wuri, ido a kan tanki, man zai hau sama ya malala. In taka mai faifai ce a baya, kada ka danna fistin ɗinta da ƙarfi, akwai kayan hambirki a cikinsa, ka bi yadda littafin motar ya nuna. Fad kuma bibbiyu ake canzawa, dama da hagu tare, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe. Faifan ma ka shafa shi da yatsa. In ya yi zurfin layuka ko ya sirance ƙasa da kaurin da kamfani ya ƙayyade, shi ma ya tafi.

Tiyon roba da ke shiga kalifa, shi ne mugun ɓoye. Lanƙwasa shi ka ga ko ya tsattsage. Ko bai tsage ba, tsohon tiyo na ruɓewa ta ciki, mai ya wuce in ka taka, ya kasa dawowa in ka saki. Sai taya ta riƙe, ta yi zafi, ka yi ta zargin kalifa. Gwajin mai sauƙi ne: in taya ta maƙale ka buɗe nifil, mai ya tsarto, taya ta saki, to matsalar tana sama da kalifa, galibi tiyon ne. Ni dai a mota mai wannan shekaru ba na tsayawa gwaji, duka nake canzawa, kuɗinsu bai kai na fitila ɗaya ba in ka daki bayan wani. Kuma tiyo da roba ba a sayen na gwanjo.

In taka mai duram ce a baya, sauke hambirki, cire duram. Kafin ka taɓa sifirin ko ɗaya ka ɗauki hoto da waya, kuma ka gama gefe ɗaya kafin ka kwance ɗayan. Ɗaga robar ɗan silindan da ke sama, in da danshi yana yoyo. Lainin da ya sha mai ba ya wankuwa, ko ka ƙona shi da fetur, canzawa ake yi.

Sai cire iska, kuma nan kana buƙatar mutum na biyu. Zuƙe tsohon man tanki da sirinji, cika da sabo. Fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, bayan dama, sai bayan hagu, gaban dama, gaban hagu. Sa siririn tiyo mai garai a bakin nifil, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Ka ce wa na ciki, buga, buga, buga, riƙe. Ka buɗe nifil, mai da kumfa su fito, ka rufe, sannan ka ce saki. In ya saki kafin ka rufe, iska ta koma, kun dawo farko. Haka za ku yi ta yi har mai ya fito garai ba kumfa, kana leƙa tanki kada ya ƙafe.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Na farko, sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. Tsohon masta yana da tsatsa can ciki inda roba ba ta saba kaiwa ba, ka tura ta can ta yage, masta da ke aiki da safe ya mutu da rana. Na biyu, 504 na da bawul a baya mai rage ƙarfin birki gwargwadon nauyin kaya. In ƙafafun baya na reto a iska, bawul ɗin zai ɗauka mota ba kaya, ya hana mai wucewa sosai. Don haka nauyin motar ya kasance a kan ƙafafunta na baya lokacin da kake cire musu iska.

An gama, a gwada a tsaye. Taka feda ka riƙe da ƙarfi. In tana laushi kamar soso, da sauran iska. In ta yi tauri amma tana sulalewa ƙasa a hankali, kuma ba yoyo a ko'ina, masta ne ke zubarwa ta ciki. Sai baƙar tukunyar nan da ke bayan masta, mai sauƙaƙa taka birki: inji a kashe, buga feda har ta yi tauri, riƙe, tayar da inji. Feda ta ɗan sauka, tukunya lafiya. In ba ta motsa ba, duba tiyon da ya taho mata daga inji.

Tunda mota na sama, ka duba sauran robobi. A gefen taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, tsohuwar taya ko zanenta bai ci ba ta bushe. Tiyon fetur, tiyon lagireto da fambel, duk abin da ya tsage a canza. Sabon baƙin mai da filta, ruwan lagireto, giris inda ake sa giris.

Sauke mota, ɗaure notin taya a gicciye. Kafin ka sa giya, buga feda sau da yawa har ta yi tauri, don sabon fad ya matso jikin faifai. Nemi layin da ba yara ba babura, fara da tafiyar ƙafa, taka, ja hambirki ka ji ya kama. Sannan ka ɗan ƙara gudu, kana takawa a hankali kana saki, sau da dama, ba tare da ka tsaya cak da birki mai zafi ba. In ka dawo, kai bayan hannu kusa da kowane wili ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi 'yan uwansa zafi, birkinsa na riƙewa, a sake buɗe shi. Leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai, duba tanki, gobe da safe kuma ka sake bin notin taya da sifana. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, inda za mu kwance kafireta.