Sai ra'ayi ya zo ɗaya ake abota a intanet?

A ce kana cikin wani guruf na WhatsApp na 'yan Arewa masoya ƙwallo a Legas. Kai kana Agege, wani na sayar da albasa a kasuwar Mile 12, wani kuma yana Alaba Rago. Ranar wasa waya har zafi take yi saboda saƙonni. Da an shiga hutun kakar wasa, sai guruf ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Me ya faru? Ƙwallo ta ba ku abin buɗe hira ne kawai. Abin da ke gina abota lokaci ne. A 2018 Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas a Amurka ya auna abin: kusan awa 50 tare kafin wanda ka sani ya zama abokin hira, wajen awa 90 kafin ya zama aboki, sama da awa 200 kafin a kira shi amini. Kuma awannin da aka yi ana raha sun fi na zaman wurin aiki tasiri. Shi ya sa mai shayin da kake zama teburinsa kullum da asuba, ko da shi Chelsea yake yi kai Arsenal, ya fi sanin halinka a kan wanda kuka shekara kuna musu a guruf.

To yaya za ka ɗauke abota daga waya? Zaɓi mutum ɗaya a guruf, ka fara da saƙo na kai da shi, a kan abin da ba ƙwallo ba: ɗan wane gari ne, wace sana'a yake yi, ya iyali. Bayan mako biyu ko uku, ku yi kiran murya, sannan na bidiyo. Ka lura ko shi ma yana nemanka. Idan kullum kai ne mai sallama, hannu ɗaya ne ke riƙe da igiyar abotar.

Zumunta a ƙafa take, amma ƙafa a Legas tsada gare ta. Daga Agege zuwa Ojo, inda Alaba Rago take, cunkoso kan cinye rabin yini, kuma a nan yawancin alkawuran haɗuwa ke mutuwa. Ku zaɓi tsakiya, da rana, a bainar jama'a, misali bayan sallar Juma'a ko gidan kallon ƙwallo, kuma ka gaya wa wani inda za ka.

Inda ake cin mutane kuwa, ɗan damfara ya fi kowa iya son abin da kake so. Ya karanta shafinka tsaf, duk abin da ka faɗa zai ce "wallahi ni ma haka." Idan ya riƙa kauce wa kiran bidiyo, ko ya nemi rance kafin ku taɓa gaisawa hannu da hannu, ja baya. In ya ce ka turo masa lambobi shida da suka shigo wayarka ta saƙo, asusunka na WhatsApp yake shirin ƙwacewa. Toshe shi nan take, ka sanar da mai kula da guruf.